Kwalbar da Ta Sauya Launi

Aƙaba, ranar Lahadi

Zuwa ga mijina, Abu Layan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Layan da Mama. Yaya sanyin Irbid? Tarin yarinyar ya lafa?

Ba zan dawo ƙarshen wata ba, ka yi haƙuri. Ka tuna ƙananan halittun nan na teku da nake rainonsu a kwalba, waɗanda ido ba ya gani, masu rayuwa da hasken rana? Waɗanda na ɗebo daga zurfi ruwan hoda ne. Da na mayar da su ƙarƙashin shuɗiyar fitila, sai suka koma ruwan lemo. Shugabarmu, Dakta Mahasin, ta ɗaga kwalbar ta ce, "Sundus, wannan shayi ne ko bincike? Wata halitta ta faɗa ciki, zubar." Na ce mata ba zan zubar ba. Can ƙasan teku shuɗin haske kaɗai ke isa, kuma na tabbata launi suke sauyawa don su kama shi. Ta ba ni wata guda. In gwajin ƙwayoyin gadonsu ya ƙaryata ni, aikina na shekara ya tafi.

Ba na tsoro. Kewarku ce kawai ke damuna.

Matarka,
Sundus

Aƙaba, ranar Alhamis

Abu Layan,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da Layan ta warke, ka sumbace min ita.

Sakamako ya fito. Iri ɗaya ne tak a kwalbar, babu baƙo. Yana ɗauke da gadon sauya launi, wanda 'yan uwansa na saman ruwa da muka gwada ba su da shi. Dakta ta karanta a tsaye, sannan ta ce, "Taurin kanki ya ci. Tashi mu je, yau ni zan saya miki sayadiyya, shinkafar nan da kifi."

Muna cin kifin ta ce tana so in zauna aiki tare da ita dindindin. Na san makarantarka tana Irbid, na san Mama ba ta son zafin Aƙaba. Ban amsa ba, sai na ji daga bakinka. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina so.

Na ga wani gida, tagarsa na kallon teku. Ku hau motar Juma'a, kai da Layan. In a'a za ka ce, zo ka faɗa min kana tsaye a bakin tagar.

Taka har kullum,
Sundus