Na rantsar da ƙanena a kan jirgi

Wani ɗan zaure ya aiko daga Tamanrasset, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ban yi lekkol ba, wato boko, mai siber, shagon intanet, ne yake rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce kada ya gyara mini magana.

Direban babbar mota ne ni, ɗan Damagaram, ina zaune a unguwar Tahaggart, nan Tamanrasset. Shekarun baya na taɓa bin wani direba da ya sayo na'urar nuna hanya, ya daina duban ƙasa, sai allo. Na'urar ta mutu, muka ɓace a sahara, mu bakwai, uku muka fito. Tun ran nan ban yarda da abin da ba shi da ido ba.

Ƙanena shi ne ya yi karatu a gidanmu, har ya zama matuƙin jirgin sama. Ranar da zai fara aiki na ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani, na sa ya rantse ba zai taɓa barin na'ura ta tuƙa shi ba muddin yana sama. Ya yi dariya, ya ce Yaya ai ƙaramin jirgin da zan ja ko na'urar ba shi da ita, amma ya rantse. Shekara shida yana kai magani da likitoci ƙauyuka, yana sauka a kan tsakuwa, bai taɓa fasa ko taya ba.

Bana wani babban kamfani ya kira shi gwaji. Suka sa shi cikin wani ɗaki da aka yi kamar gaban jirgi, mai gwajin ya ce ya kunna otomatik, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, shi kuwa ya ƙi, ya sauke jirgin da hannu cikin iska mai ƙarfi. Mutumin ya ce bai ga sauka mai kyau irin wannan ba da daɗewa, sannan ya kayar da shi. Wai su ba gwani suke nema ba, mai bin tsari suke nema. Wannan magana ta ci mini rai, har yau.

Ya zo wurina, muka yi faɗa. Na ce kamfanin banza ne, ya ce ni ne na ɗaure shi da igiyar mota alhali shi ba mota yake ja ba. Matarsa ta bugo ta ce in saki mijinta ya ci abinci, ba ni kaɗai na taɓa ganin mutuwa ba. Malamin unguwa ya ce abu ne mai sauƙi, ya karya rantsuwar, ya ciyar da miskinai goma. Yaron ya ce shi ba zai karya ba sai na faɗa da bakina.

Sun ba shi dama ta ƙarshe bayan layya. In na yi shiru ya rasa aikin, in na sake shi wani abu ya faru a sama, da mutum ɗari a bayansa, bakina ne.

Ba na son wa'azi. In akwai wanda ya san jirgi a cikinku, ya faɗa mini gaskiya: ranar da na'urar nan ta rikice, tana mayar wa mutum jirginsa, ko riƙewa take yi? In sake shi ko kada in sake shi?