Hoton da Na Aika wa Yaya Sani

Zuwa ga Babana, Malam Yusufu,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san ba za ka karanta wannan takarda ba, kuma babu direban da zan ba a tasha ya kai maka. Wata bakwai ke nan da rasuwarka, ban iya faɗa wa kowa abin da ke cina ba.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a gonarka ta hanyar Dungu, Kawu Idi ya taya mu girbi, rumbu ya cika. Akuyarka mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ni ma ina nan ina koyarwa. Inna ce dai ba ta yi mini daidai ba, amma bari in fara da laifina.

Ka tuna ranar da Yaya Sani ya kira daga Kano, ya ce a turo masa hotonka ya gani, in jikin ya yi tsanani ya bar aiki ya taho? Kana zaune a zaure, ka ba ƙofa baya, rana ta take a waje. Na ɗauke ka da sabuwar salular da ya aiko mini. Da idona na ga yadda kumatunka suka faɗa, ƙarƙashin idonka ya yi baƙi, farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Amma da na duba hoton, sai na ga mutum mai ƙoshin lafiya. Fuska fes, ba rami, ba inuwa, har dalbejiyar ƙofar gida ta fito ganye-ganye.

Sai bayan sadakar arba'in na kai salular wurin mai gyara a kasuwa, na tambaye shi dalili. Ya nuna mini haruffa uku a saman gilashin, HDR. Ya ce in na danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka, wani domin wurin haske, wani domin wurin duhu, sai ta haɗe su, don kada rana ta wanke waje, kada duhu ya cinye fuska. Wai so ake ta gani kamar idon mutum. Ya ce amma ba ta san inuwar zaure da inuwar ciwo ba, duka take haskawa. In kuma mutum ya motsa, sai ya fito biyu-biyu.

Da ma a ce laifin nata ne ita kaɗai. Baba, hoto biyar na ɗauka. A ɗaya tari ya kama ka, ka ɗaga hannu, hannun ya fito biyu, fuskar ta dagule, amma duk wanda ya ga yadda ka duƙa ya san ba ka da lafiya. Na goge shi. Na zaɓi wanda ya fi kyau na aika. Me ya sa? Ina jin ni ce nake son in yarda da shi. Yaya Sani ya yi hamdala, ya ce sai da Sallah zai zo. Kwana tara ka yi. Ya iso an riga an kai ka.

Ya sa an wanke hoton, ya rataye a ɗakinsa. Duk wanda ya je masa gaisuwa sai ya nuna masa, ya ce mutuwar farat ɗaya ce, ga ka nan garau. Har na fara tsoron hoton kansa. In na rufe ido ina neman fuskarka, wannan mai sheƙin ce take zuwa. Taka ta gaske, wadda na shafa wa ruwa da hannuna, tana guduna. In ta tafi gaba ɗaya, wa zan tambaya?

To, ga Inna. Tun bayan takaba take ramewa. Zanenta ya yi mata yawa, ƙafafunta suna kumbura, tuwo loma uku take yi ta ture. Shekaranjiya na dubi idonta a hasken tsakar gida. Ban sani ba ko irin launin naka ne, ko tsoro ne ke nuna mini. Ta ce in yi shiru, kada in tayar wa Yaya hankali. Kai ma haka ka ce.

Ɗazu da la'asar Yaya Sani ya ce in turo masa hotonta. Na ɗaga salular, sai na mayar da ita jaka. Gobe da safe zan shiga mota da Inna zuwa asibiti a Damagaram, ko tana so ko ba ta so. Kafin mu tashi zan kira shi, in ce ya taho ya gan ta da idonsa. Zan kuma gaya masa cewa hoto biyar na ɗauka. Ban san ko zai ƙara kirana ƙanwarsa ba. Ina jin tsoro, Baba, amma zan kira.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya bar mana Inna.

Taka har kullum,
ƴarka Hadiza,
Matameye