Agogon Gudu Ya Yi Kuskure, Ni Kuma Na Kai Maganar Wurin Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a taimaka a sakaya sunana. Ban saba magana a nan ba, karantawa kawai nake in wuce, amma yau abin ya fi ƙarfina, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce a Haɗeja, mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana. Babanmu yana cikin aiki a gonar shinkafarsa ta wajen Auyo ya dafe ƙirji ya faɗi, kafin a fito da shi bakin titi rai ya yi halinsa. Tun daga ranar, ko a rediyo aka ambaci ciwon zuciya sai Inna ta tashi daga wurin.

Yaya ba shi da burin da ya wuce aikin damara. Bara ya cike fom, kullum bayan asuba yana gudu a kan jingar da aka yi don tare ambaliya. Wani abokinsa ya ba shi agogon nan mai koren haske a ƙasa, mai nuna bugun zuciya. Shi lokaci kawai yake dubawa, ni ce na haɗa agogon da wayata, ina kwashe komai a littafi. Sai na lura ko minti biyu ba ya yi da fara sassarfa bugun zai haura ɗari da saba'in, ya tsaya nan har ya gama, alhali ko haki bai fara ba. Na gaya masa, ya yi dariya ya ce likitar takarda ta fara aiki. Na ji haushi, na kuma ji tsoro, sai na kai wa Inna littafin.

Inna ta sa aka je asibiti, aka manna masa wayoyi a ƙirji, likita ya ce bai ga komai ba. Da a nan maganar ta mutu. Amma a hanyar gida, ni da bakina na ce, "Ai a kwance aka gwada shi, Inna. Baba ma a kwance lafiyarsa ƙalau."

Muna shiga gida ta ce masa in ya taka ƙafarsa wurin tantancewa ba ta yafe ba. Ya naɗe takardunsa ya sa a akwati. Yanzu kwalayen busasshen kifi yake ɗaurewa a kasuwa. Ya daina gudu, ko ƙwallo ba ya zuwa. Abin da ya fi ci min rai, rannan ya ce min wataƙila ta hannuna Allah ya tsare shi, har yana gode min.

Agogon ya dawo hannuna. Watan jiya muna kan babur za mu biki Auyo, hanya duk gargada, ina zaune ban motsa ba na ga ya nuna ɗari da sittin. Muna sauka na ɗora yatsu a wuyana na ƙirga, bai fi rabin haka ba. Na koma na karanta, ashe hasken nan jinin ƙarƙashin fata yake dubawa, in agogon bai kama hannu sosai ba, girgiza na ruɗa shi, har ya riƙa ƙirga takun mai gudu a matsayin bugun zuciya. Yaya siririn hannu gare shi, agogon lilo yake masa kamar awarwaro. Na buɗe wayar na jera takunsa a minti kusa da bugun da na rubuta, kusan kowace rana lamba ɗaya ce. Sawun ƙafarsa na kai wa Inna, na ce zuciyarsa ce.

Na gwada yi wa Inna bayani, ta ce jiya na yarda da agogo yau na ƙaryata shi, to wace maganar tawa za ta ɗauka. Ta ce tausayinsa ne kawai ya kama ni, in rufe bakina. Yaya kuwa har yau na kasa gaya masa.

Ga shi an sake buɗe fom, saura kwana goma sha biyu a rufe, kuma baɗi shekarunsa sun wuce. Ni kaina ina tsoro, don kuskuren agogo bai nuna zuciyarsa lafiya take ba, jinin Baba ne a jikinsa. In na sa Inna ta janye, ya je ya faɗi a filin gudu, me zan ce mata?

Likitocin da ke nan, akwai gwajin da ake yi wa mutum yana cikin gudu, a ina ake samu? Iyaye mata, wa zan ɗauko ya yi wa Inna magana ta saurara? In fara gaya wa Yaya ne, ko in jira sai na sami gwajin? Yau da safe ma ya tambaye ni ko tura baro a kasuwa zai iya yi wa zuciyarsa illa, na ce masa ban sani ba.