Kabad ɗin Hamdiyya

Talata Mafara, Laraba

Zuwa ga taubashina Lado kafinta, Bakura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki? Ya Hadizatu da yara? Ya muka ji da rashin sabis? Tunda aka rufe layukan waya mun koma biro da takarda, Bello direba ya zama gidan wayarmu.

Madalla da kai! Labari ya iso mini cewa ka sayar da shinkafarka za ka sayi babban injin zarto mai tebur. Wallahi na yi murna. Ai mutum irinka bai kamata ya sayi abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka ba. Na je shagon Abdu mai injuna na gan shi. Ƙato ne, ya fi bijimin layya nauyi, in ya yi kuka har Damri za a ji. Abubuwan da suka rage maka ƙanana ne: wutar lantarki, wadda ke leƙa unguwarku kamar watan sallah, sai janareta, wanda ba ka da shi, sai fetur, wanda aka hana sayarwa a jarka. Kafin ka haɗa su, Hadizatu ta samu wurin shanyar kuɓewa mafi tsada a Bakura.

Ka saurare ni. Shekara ashirin ina dillancin shanu, yanzu da aka rufe kara, kasuwar shanunmu, zaune nake, hankalina naka ne kyauta. Abdu yana da wasu injuna biyu. Akwai rauta, mai fitar da zane a bakin katako kamar aikin wuyan babbar riga. Akwai kuma wani ɗan injin huda mai batir, mai ɗaure sukurori, wanda ban ma tsaya kallo ba, abin wasan yara ne. Ka sayi rauta. Mai saye da ido yake saye. Na sha sayar da ramammen sa saboda ƙahonsa.

Ka huta lafiya.
Naka, Sufyanu

Bakura, Juma'a

Zuwa ga Sufyanu.

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, Hadizatu na gaishe ka, ta ce kuɓewarta ta riga ta bushe.

Rautar taka da iska take aiki? Ita ma wuta take ci, malam dillali. Amma na yarda, maganar fetur ta sanyaya mini jiki.

Ga abin da ba ka sani ba. Yaya Taibatu ta ba ni aikin kabad ɗin ɗiyarta Hamdiyya, biki saura mako biyar a Maradun. Bango guda za a cika, sama gilashi na jeren kwanuka, ƙasa durowa shida. Wadda za ta shugabanci jeren ɗakin kuwa ita ce Hajiya Batulu, kuma ka san babu amaryar da ake kaiwa ɗaki a Maradun ba da bakinta ba. In ta yaba, aikin da ke tafiya Gusau ya dawo hannuna. In ta taɓe baki, na koma gyaran bencin makaranta. Kwana uku ke nan ina zana shi a bayan kwali. Inji ɗaya zan iya saye, ba biyu ba, don haka ba na son kuskure.

Awon bangon da suka aiko mini zare ne mai ƙulli uku. Ban yarda da zare ba. Tunda zaune kake, ga tef da zaren na ba Bello. Ka je gidan angon ka auno mini da kanka. Kar ka ce wa Abdu komai tukuna.

Wassalam.
Lado

Maradun, Litinin

Lado, ɗan gwaggona, kafintan duniya!

Sallama da gaisuwa irin ta masu albishir. Ka zauna kafin ka karanta.

Na je. Taibatu ta haɗa ni da Hajiya Batulu, muka nufi gidan angon, tsohon gida ne na gado. Aka yi mini iso, na shiga ina jan tef kamar injiniyan gwamnati. Na auna bango, na gwada da zare. Lado, ko faɗin farce bai ɓata ba. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, tun uwarka na goyo nake awo da zare. Mi kake nema da wanga ƙarfe?"

Na ce, "Hajiya, tabarraki na zo nema."

"Tabarraki da tef? To ka samu, fita muna da aiki."

Garin fita ne na ci karo da arzikinka. Gidan zaure biyu ne, ƙofofinsu ba sa kallon juna, don kar na waje ya hango cikin gida. Ka shiga na fari, ka karya dama, ka bi wani ɗan lungu, ka sake karya hagu. Ni da tumbina sai da na yi gefe. A lungun na ga wata wadirob jingine, an raba ta biyu da zarto, awaki na kwana a ciki.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Ta matar yayan ango ce, daga Gusau. Ta ƙi shiga. Aka ce a ɗaga ta ta saman katanga, dattijon gidan ya ce sai dai a ɗaga gawarsa. Aka yanka ta a ƙofar gida, uwar amarya na kuka, 'yan jere na dariya. Uku ke nan ana yankawa a unguwar nan."

"To me ya hana a auna zauren?"

"Mu ɗaki aka aike mu. Zaure na maza ne, su ba su auna ba, sai mu?"

Ka ji! Mata na auna bango, maza na zaune a zauren suna shan shayi, kafinta na can wani gari yana buga ƙusa. Babu mai auna hanya. Da ka sayi ƙaton zartonka, da ka yi kabad mai kyau ƙwarai, a yanka shi gaban Hajiya Batulu da zarton hannu.

Ga shawara, kuma ka rubuta cewa tawa ce. Ka sayi ɗan injin hudar nan da na daɗe ina yaba maka. 'Yan katako na Mafara su yanka maka allunan a injinsu daidai awo. Ka huda, ka gwada a shagonka, ka kwance, ka shigo da shi falle-falle, ka ɗaure da sukurori a cikin ɗakin. Batir kuwa, masu cajin waya na zaune da solarsu suna korar ƙuda, har godiya za su yi maka. Awon lungun na bayan takardar nan. Kar allo ya wuce shi.

Naka mai hangen nesa,
Sufyanu

Maradun, Lahadi

Zuwa ga Sufyanu, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce Taibatu. Na ce bari in ba ka labari, tunda ƙafarka ta ƙi kawo ka ranar jere.

Allah ya isa tsakanina da ku biyu, kai da Lado, kun kusa kashe ni. Mota ta tsaya, na fito da guɗa a bakina, sai na ga an sauke alluna ɗaure da igiya. Dangin ango suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce, "Itacen girkin biki ne?" Hajiya Batulu ta kama haɓa ta ce, "Taibatu, ina kabad?" Na rasa ƙasar da zan shige.

Lado kuwa ya kwashi allunan bibbiyu ya bi lungu, ko bango bai goga ba. Ya fiddo wani ɗan abu daga jaka, sai ji muke zirr, zirr. Mata suka cika ƙofa. Kafin a sauke tukunyar rana kabad ya tsaya, bango zuwa bango, kamar tare aka gina su. Hajiya ta ja durowa shida ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta girgiza shi da hannu biyu, bai motsa ba. Sai ta ce, "Ɗan nan, in an so fiddo shi fa?" Ya ce, "Yadda ya shiga haka zai fita, Hajiya, ko ƙwarzane babu." Sai ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin ta yi wa katako ba.

Na gode, amma kar ku sake.
Taibatu

Talata Mafara, Alhamis

Lado,

Gaisuwa da barka. Hajiya Batulu ta aiko: kabad guda huɗu take so kafin azumi, duk irin na Hamdiyya. Na ɗauka kyansa ne ya kama ta. Ina! Ta ce uwayen amare ne suka ji labarin kabad ɗin da ke fita lafiya, kowacce ta ce shi za a yi wa ɗiyarta. Dattijon gidan angon kuwa tun ranar bai amsa gaisuwar Taibatu da kyau ba. Ya ce a da in kayan ɗaki suka shiga sun shiga ke nan, ko mace ta yi fushi sai ta tuna wadirob ɗinta ta zauna.

Ka sa batir a caji. Amma ka gaya mini, ranar da wata ta yi yaji, wajen wa za a fara aika Bello, waliyyi ko kafinta?

Naka,
Sufyanu