Kankana Mai Amsa Sallama

Litinin, 3 ga Maris

“Ke ce mai digiri, Malama, ke za ki rubuta mana,” in ji Manaja, tun ban ajiye jakata ba. Ya turo min takarda daga hedikwata. Daga yanzu babu sauran mai nama, mai burodi ko mai kayan lambu a wannan babban kanti. Kowa zai iya komai. Sunan tsarin ma ke nan, Kowa da Komai. Wanda ya raɗa sunan, Allah ya sa an ba shi lambar yabo.

Tunda ni ce jami'ar horar da ma'aikata, ni zan zagaya kowane sashe, in tatso abin da ke kan masu shi, in matse shi a kati ɗaya. Bayan haka in gwada kowa a sassa uku, da agogo a hannu. Wanda ya faɗi sau biyu a sashe ɗaya “za a duba matsayinsa”. Shekara huɗu na yi a jami'a ina koyon abin da irin wannan jimla ke nufi.

Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A karin magana mun yi canjaras, a muƙami ya cinye ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Katin nama ya kammalu, na burodi ma. Goggo mai burodi ta faɗa min mintocin gashi, sannan ta ce ita dai da hanci take ganewa. Hanci ba ya shiga kati, na rubuta mintocin.

Saura kayan lambu, wato Baba Kunne. Shekara goma sha tara yana wannan lungun, a kan wata 'yar kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ya tokare da kwali. Sunan ya samo shi ne daga kankana. Yakan ɗora ta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsu biyu, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulmar maƙwabta. Ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba.

Na ce, Baba, me kake ji?

Ya ce, “Sallama nake yi mata, 'yata. Ɗanya takan amsa da tsiwa, kamar yarinyar da ba a kwaɓa ba. Wadda ta wuce nuna kamar tsohuwa mai mura. Wadda ta nuna kuwa sai ta amsa daga cikin ɗaki, a natse.”

Na tsaya da biro a sama. Ya ce, “Rubuta mana. Ko tawada ce ta ƙare?”

Talata, 11 ga Maris

Na rubuta: “Ƙwanƙwasa kankana. Idan sautin ya yi zurfi, ta nuna.” Na karanta masa. Ya ce zurfin rijiya ko na kwano?

Asabar, 15 ga Maris

An fara juyin ma'aikata. Kashiyarmu da ta fi kowa sauri, wadda ake kira Sarauniya, yau tana wajen kifi da dogayen faratanta, tana riƙe kowane kifi kamar takardar sammaci. Mai nama yana jera sabulu, yana kallon teburinsa daga nesa kamar wanda aka raba da iyali. Wata mata ta nemi naman da zai yi laushi da wuri, wanda aka tsayar a wurin ya juya katina gaba da baya, ya ce mata duk nama ne, Hajiya.

Gaskiya layi ya ragu. Manaja ya nuna min a takarda, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin haushin ke nan.

Laraba, 19 ga Maris

Baba ya ci gwajin sito, ya ci na jera kaya. Teburin biya ne ƙashin wuya. Ka'ida: kaya ashirin cikin minti uku. Ba na'urar ce ta gagare shi ba, ya sa tabarau, ya rubuta lambobin kayan lambu a tafin hannunsa da biro. Gaisuwa ce ta kayar da shi. Ya san kowa. Ya jikin maigidan? Yarinyar ta haihu? Minti uku da daƙiƙa arba'in.

Na ce, Baba, ka rage gaisuwa ranar gwaji na biyu.

“To, zan gaishe su a zuci.”

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na cike fom ɗin.

Juma'a, 28 ga Maris

Ban so in rubuta wannan ba.

Da farko komai lafiya. Bakinsa gum, hannunsa na tafiya, har Sarauniya ta leƙo daga wajen kifi tana ɗaga masa babban yatsa. Kaya goma sha bakwai a minti biyu da 'yan kai. Zai ci, da rara ma. Na goma sha takwas kankana ce. Mai sayen wata mata ce da kwandon asibiti a hannu, da filas da tawul.

Ya ɗaga zai ɗora a sikeli, yatsun nan biyu suka yi abin da suka saba. Kam, kam. Na ga kansa ya karkata.

“Wa za a kai wa?”

Ta ce mahaifiyarta, kwana uku ba ta ci komai ba, yau ta ce kankana take sha'awa.

Ya dube ni. “Malama, ɗan tsayar da agogon naki.”

Na ce, ba ya tsayawa, Baba.

Yana tsayawa. Maɓallin na nan ƙarƙashin babban yatsana, baƙi, har ya goge don dannawa. Manaja na can ofis, babu mai kallona. Abin da ya zo min a rai a lokacin wai adalci: in na tsayar wa ɗaya sai na tsayar wa kowa. Kyakkyawar magana. Da a jarrabawa ce da na ci maki cikakke.

Ya rungumi kankanar ya tafi lungunsa, ba gudu ba, ba sanɗa ba. Ina jiyo shi yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo da wata ƙarama mai tabon rawaya a ciki. Matar ta yi ta sa masa albarka har ta fita.

Minti huɗu da daƙiƙa goma. Rubutuna mai kyau ne, kowa na faɗa.

Litinin, 7 ga Afrilu

An duba matsayinsa. Rabin yini, tattara kekunan tura kaya a wajen ajiye motoci. Ya yi godiya, ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauka ba. Gwiwar da ke sauke buhun albasa.

Ya biyo ta ofishina da hular aiki a naɗe a hannu. Na shirya jawabi tun safe, sai ya riga ni.

“Kada ki sa a ranki, 'yata. Ba ke ba ce, agogo ne.”

Da ya zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An fitar da 'yar kujerar. Tsarin bai tanadi zama ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na kai wa Umma kankana kamar kowane mako. Ta yanka, fara fat kamar kabewar da ba ta ƙosa ba. Ta ce, “Ina tsohon nan naku? Ko ba shi da lafiya?” Na ce ya yi ritaya. Ta ce Allah sarki, ai ya kamata ya huta, kun dai yi masa sallama ta mutunci ko? Na tashi na ɗauko mata ruwan da ba ta nema ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ashe “kowa” har da ni. Sabon jadawali ya sa 'yan ofis a sassa duk Asabar, kuma wani mai barkwanci, ko ƙaddara, ya ajiye ni a kayan lambu.

Katina na manne a jikin teburin kayan, an rufe shi da leda don kada ya jiƙe. Wani dattijo ya tambayi Baba, sannan ya ce to ni in zaɓa masa. Na ƙwanƙwasa guda shida. Duk sautinsu ya yi zurfi. Na miƙa masa wadda ta fi kyan fata, ya karɓa da irin ladabin da ake karɓar maganin da aka san ba zai yi aiki ba.

An dawo da kankana uku a wannan makon. Manaja ya ce uku ba komai ba ne a lissafi. Nan ma ba ƙarya ya yi ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Gwajin Goggo mai burodi na biyu a teburin biya. Ta faɗi na farko. Ana tsakiyar yi ta ɗaga hanci, ta ce, “Innalillahi, wa ke kan tanda?” Ta saki kayan mutane ta ruga. Ta ceto faranti huɗu, na biyar ya riga ya zama gawayi. Ta dawo tana haki, ta ƙarasa, ba ta ko kalle ni ba. Ta san abin da ya faru da Baba.

Minti biyu da daƙiƙa hamsin. Ta ce in sake dubawa. Na nuna mata. Agogon nan ya fara tsufa, ina jin batirinsa ne, yakan ɗauke haka kawai. Zan sa a duba shi wani lokaci.

An tashi ƙarfe huɗu. Na bi ta lungun kayan lambu don ta nan hanya ta fi kusa, kusan dai. Na ƙwanƙwasa wasu, wucewa kawai. Ta bakwai ta yi wani abu daban. Ba zan ce ta amsa ba, ni ba na jin yaren kankana. Na dai saye ta.

Mai gadi ya san unguwarsu Baba, ya ce bayan gidan mai, gida na uku, kowa ya san shi. Tambaya ɗaya ce zan yi masa: wannan ta nuna ko ba ta nuna ba? In ya tambayi wani abu kuma, to.

Ina rubuta wannan a tsaye, a ɗakin ajiye jakunkuna, kankanar na tsakanin ƙafafuna. Sarauniya na riƙe min ƙofar baya da ƙugu, tana cewa Malama ki fito ko in saki. Ta saba saki, kuma in an fita, ƙofar ba ta buɗuwa ta waje.