Doguwa Na Ce

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya gwiwar nan, tana barinka ka miƙe kuwa? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, shi ya sa na ɗauko biro. Ran nan a waya ina ce maka mota ta mutu, kana ce mini wace mata, Allah ya ji ƙanta. Na gaji da ihu a gaban ma'aikatana.

Mota na ce. Tsohuwa, a-kori-kurarmu, ta kwanta. A kan gangaren kasuwar katako ta yi tari sau biyu, ta fesa farin hayaƙi, ta yi shiru. Bakanike ya buɗe gabanta ya leƙa, ya rufe a hankali kamar mai fita daga ɗakin mara lafiya. Ya ce injin ya gama, kuma irinsa ko a wurin masu tsohon ƙarfe ba a samu.

Ga shi benci sittin na makarantar nan suna wuyana. Shugabar makarantar ta ce ranar da yara za su dawo hutu ta gan su a cikin aji, in ba haka ba akwai masu kujerun roba da suke ta zarya a ofishinta. Ka fi ni sanin cewa aikin makarantar nan ne yake riƙe da shagon Baba, kuma mutum shida ne suke ci a ƙarƙashinsa. Saura mako tara. Saƙonka ya iso ta bakin ɗanka, cewa in sayar da filinmu na bayan gari in sayi sabuwa fil. An sayar. Allah ya saka maka, ya bar zumunci.

Jiya na je gidan sayar da motocin, na dawo da ciwon kai. Ka tuna ranar da muka sayi Tsohuwa, shekara talatin da ɗaya ke nan? Dillali ya jefo mana makulli ya koma kan bencinsa. Kai ka shige ƙarƙashinta ka fito baƙi ƙirin, ni na ɗora sukudireba a kan inji na kara kunne. Muka hau bayanta mu biyu muna tsalle don mu ji sifirin, ka zaro tef ka auna. Kafin la'asar tana ƙofar shago.

Yanzu kuwa gida ne na gilashi, sanyi kamar cikin firji, takalmina yana kuka a kan tayil kowa yana waiwaye. Wani mai kwat ya tare ni da murmushin da ba ya gajiya. Na ce a-kori-kura nake so. Bai tambaye ni me nake ɗauka ba, wai mene ne imel ɗina. Na duba ɗakin kaf, ƙananan motoci ne suna ƙyalli, babu a-kori-kura ko ɗaya. Ya ce ai yanzu ba a ajiye su, a allo ake gani a yi oda. Ya ɗauko wani ɗan allon gilashi yana shafawa da yatsa. Ya kwashe rabin awa yana ba ni labarin kujera mai ɗumama baya, da kyamara, da cewa motar tana magana. Na ce ina da mai magana a gida, mai ɗaukar kaya nake nema. Ya yi dariya, bai gane ba. Da zan fita na ɗan ƙwanƙwasa jikin wata mota don in ji kaurin ƙarfen, sai ga mai gadi a kaina.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida uwargidanka da yara.

Ƙanenka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan jiki yana sauƙi. Uwar yara tana gaishe ka, ta ce man da ta aiko shafawa ake yi, ba ajiya ba.

An yi oda, yau mako huɗu. Kafin in tafi, 'yata ta fari, 'yarka mai bakin nan, ta ce in bari ta raka ni tunda ta san kan irin waɗannan abubuwan. Na ce mata na sayi mota tun ba a san za a haife ta ba. Ta ce ai matsalar ke nan. Ka ji fa! Na fice ni kaɗai, don haushi har na bar tabarau a kan teburin aiki.

Mai Kwat ya zaunar da ni, ya kawo kofi a wani ɗan kofin da bai kai maƙogwaro ba, ya shiga jero tambayoyi. Na ce fara nake so, ya ce farin kala uku ne, da na ƙanƙara da na lu'ulu'u da na gajimare. Na ce wanda ba a ƙara masa kuɗi. Ya tambayi irin kujera, irin fitila, lasifika nawa. Tun ina amsawa har na koma gyaɗa kai kawai. Can sai ya yi tambaya ɗaya mai ma'ana, wai doguwa ko gajera. Na ce doguwa, har da bugun tebur. Ban tsaya yi masa bayani ba, don wanda bai taɓa ɗaga katako ba me zai gane a benci mai ƙafa goma? Ya juyo mini da allon, na ga fitilu da hancin mota dishi-dishi, na ce ta yi. Ya ce in sa hannu da yatsa. Sa hannun da na yi shekara arba'in ina yi da biro ya fito kamar sawun tsutsa. Na ce takarda fa? Ya ce an tura imel. Imel ɗin nan 'yarka ce ta buɗe mini shekarun baya, lambar sirrinsa kuwa ta bi iska, ni kuma ba zan je in roƙe ta ba bayan abin da ta faɗa mini.

Sun ce mako shida. Tun daga ranar nake kira, kullum wata murya ce ke ce mini in danna ɗaya, in danna uku, kirana yana da muhimmanci. In yana da muhimmanci a ɗauka mana! Mutum ya ba da filinsa sukutum, abin da ya samu kiɗa ne a kunne.

Benci arba'in sun kammala, mun jera su har rufi, wurin yin salla ma da kyar muke samu a shago. Shugabar makaranta ta aiko sau biyu tana tuni. Ina ce mata komai lafiya, amma kullum sai na ƙirga kwanakin da suka rage a kalanda.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiyar jiki kam akwai ta.

Takardarka ta same ni. Shafi guda, kalma biyu a tsakiyarsa, wai na auna? Da na karanta na ji haushinka, na ce mutum yana can yana jinyar gwiwa yana koya mini sana'a. Na jefa ta a aljihun tebur. To, ga amsarka. Ban auna ba.

Motar ta iso shekaranjiya, bayan sun ƙara mini mako guda a kan alkawarinsu. Na sa rigata mai kyau, na tafi da 'yarka don wannan karon ba ta ma nemi izini ba. Sun lulluɓe motar da wani ƙyalle, an ɗaura mata jan kirtani, ga mai ɗaukar hoto. Aka yaye ƙyallen ana tafi. Yaya, ƙofa huɗu! Gidan zama zungurere kamar falo, kujeru gaba da baya, sannan can a ƙarshe aka liƙa mata wani ɗan baya kamar bahon wanka. Na zaro tef a gaban mai hoton. Ƙafa biyar ba inci biyu.

Na ce ba tawa ba ce, ni doguwa na ce. Mai Kwat ya ce ai ga ta nan doguwa, don a wurinsu gidan zama ake nufi, mai ƙofa huɗu doguwa, mai ƙofa biyu gajera. Na ce tun da aka ƙirƙiri a-kori-kura, wa ya taɓa auna tsawonta da wurin zama? Bayanta ne motar, sauran duk hanci ne. Ya ce yanzu masu sayenta iyali suke ɗauka, mai dogon baya sai oda ta musamman, wata biyar. Na nemi manaja. Ya fito da murmushi irin na Mai Kwat sak, kamar wuri ɗaya ake raba musu. Ya nuna mini sawun tsutsar nan ya ce ba a mayarwa. In na matsa za su karɓe ta a matsayin ta hannu. Motar da ko ƙofar gidansu ba ta fita ba!

'Yarka ta buɗe ƙofar motar ta shiga gaba. Ita ta tuƙo mu, don ni na rasa inda ake zura makulli, ashe maɓalli ake dannawa. A shago muka gwada benci ɗaya. Rabinsa a ciki, rabinsa yana lilo a iska, da muka saki hannu ya tuntsura ƙasa ƙafarsa ta tsage. Ma'aikatana duk suka sunkuyar da kai. Su ne mutanen da na yi shekaru ina ɗaga wa murya in sun sa zarto kafin su sa tef.

Babbar mota ba ta shiga lungun makarantar, ka sani. Na zagaya wurin masu haya, duk wadda na samu irin tawa ce, wai masu dogon baya sun ƙare. Saura kwana shida. Filin da ka ba ni amana ya koma kujera mai ɗumama baya. Kunyarka nake ji, Yaya, irin wadda ban taɓa ji ba tun muna yara. Ina cikin rubuta wannan ne saƙonsu ya shigo waya, wai in ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon jin daɗina.

Ka yafe mini.

Ƙanenka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Aminci ya tabbata a gare ka. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Na ji daga ɗanka cewa wasiƙata ta sa ka dariya har da tari. Na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Bencin sun isa makaranta. Dabarar 'yarka ce, ba tawa ba, gara in faɗa da bakina kafin ta riga ni. Ta tsaya a tsakar shago ta dubi sabuwar, ta dubi Tsohuwa da ke jibge a gefe, ta ce ɗaya tana da inji ba baya, ɗaya tana da baya ba inji. Mai walda na maƙwabta ya haɗa mana sandar ƙarfe, aka ɗaure hancin Tsohuwa a gindin sabuwar, muka riƙa loda benci goma-goma a bayan Tsohuwa.

Sai dai dole wani ya zauna a cikin Tsohuwa ya riƙe sitiyari ya taka burki, kuma ka san sitiyarinta, in ba wanda ya saba da ita ba sai ya kai mutane kwata. Saboda haka 'yarka tana gaba cikin sanyi, motar tana yi mata magana, ni da na biya ina baya ana ja na, gumi har cikin ido. Sawu shida muka yi a haka cikin kwana biyu. Masu shaguna suka fito suna nuna mu, wani ya ɗaga murya yana tambaya ko amarya ce take jan uwar miji. Wani abokin sana'armu ya bi mu a babur yana ɗaukar mu a waya. Ban ɗaga kai ba.

Shugabar makaranta ta zauna a kan benci ɗaya ta girgiza shi, ta ce mu kawo tebura talatin zango mai zuwa. Shagon Baba yana nan, mutum shida suna nan. A nan kam na yi hamdala, har idona ya kawo ruwa, na ce ƙurar katako ce.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ɗan sandan hanya ya tsayar da mu a sawu na ƙarshe, ya ce yau kaɗai ya kawar da kai, kada ya sake ganin mutum a cikin motar da ake ja da kaya. 'Yarka da mai walda sun ce mafita ɗaya ce, a yanke kan Tsohuwa daga bayan gilashi, a mayar da bayanta tirelar da sabuwar za ta riƙa ja. Na juya maganar ta kowane gefe, daidai ce, kuma hakan ya fi ba ni haushi. Mai walda ya ce Asabar ta sama yana da sarari.

Na ce masa ya dakata. A gidan gaban nan na Tsohuwa muka kai Baba asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, yana zaune a tsakaninmu, yana yi maka faɗa ka rage gudu. Ba zan iya sa mata wuta da izinin kaina ni kaɗai ba. Tare muka saye ta, rabinta naka ne. Ka rubuto ka faɗa mini wanne ne rabinka. In bayan ne, zai ci gaba da ɗaukar katako da sunanka. In kan ne, zan sa a sauke shi a hankali a bayan shago, in rufe shi da tamfol, ba mai taɓa shi sai ka zo.

Uwar yara da 'yarka suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Auta