Zanar da Kika Ɗaura Mini a Bayan Gida

Zuwa ga Haula, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan sabuwar randa ga wanda ya sha tafiya a kan duwatsun Adar! Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa yana tsaye bai san inda zai nufa ba. Ya ke kurciyata mai tafiyar natsuwa, ki gaishe mini da Kaka Lalla, idan har sunana bai zama abin da ake jin nauyin faɗa a gidanku ba.

Haula, ba na barci, ba na cin abin kirki. Saƙo ya iso wa magabatana a nan Tawa cewa ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, Baba Talle zai mayar da kayan neman aurenki. Na kira wayarki har na gaji, tana shiga ba a ɗauka. Me na yi miki, hasken raina? Baba ya yi fushi, na gane, riƙonki yana hannunsa tun rasuwar mahaifinki. Amma ke fa? Ke da kika san yadda abin ya faro?

Ko kin manta ranar da na zo Barmu ɗaukar hoton suna a maƙwabtanku? Na zaga bayan gidanku neman inuwa, sai na ga magarya ta cika da tsuntsaye, ga kasko cike da ruwa, ga tsaki an watsa a ƙasa. Ke kika gaya mini sadaka ce Kaka take yi wa marigayi mijinta kowace safiya, da gwiwa ta hana ta fita sai aikin ya dawo hannunki. Na ɗaga kyamara na matsa, suka watse fir, ko gashi ɗaya ban samu ba. Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "Kai ɗan birni, tsuntsu amarya ne da za ka ce mishi shi tsaya shi yi murmushi?" Wallahi tun daga wannan dariyar ban sake mallakar kaina ba.

Da na dawo a wani zuwan, ke kika jawo tsohuwar zana daga gindin rumbu, kika ɗaure ta a jikin itace biyu, kika huda ta da wuƙar yankan kuɓewa daidai bakin kyamara. Kika ce in zauna a baya in kama bakina. Na zauna kuwa, ƙafa ta yi tsami, tururuwa suna hawa wandona, ban motsa ba. Kurciyoyi ne ke fara sauka, suna tafiya kamar matan da za su gidan biki. Sai hasbiya ta zo ta kore su don rashin kunya. Marai su taho da surutunsu, cilakowa ya sauka ya ɗebi rabon kowa ya tashi ko godiya babu. Can daga baya, in ƙura ta lafa, sai 'yan jajayen nan, baiwar Allah, su lallaɓo. Ke kuma kina zaune a gefe kina tsince wake, muna hira ƙasa-ƙasa ta cikin zana don kada su tsorata. A can na fara gaya miki abin da ke raina, ban ma ga fuskarki ba.

Kin tuna safiyar da kika shimfiɗa tafin hannunki da tsaki, wata baiwar Allah ta sauka a kan yatsunki? Na danna, hoton ya fito tsaf, har ƙwayar idonta ana gani. A shagona na Tawa na zauna gyaransa yadda nake yi wa sauran. Na yanke gefen da ya yi yawa, na ƙara haske inda inuwar magarya ta rufe ja, na cire wata baƙar leda da ta maƙale a reshe. Saura hannunki, da lallensa, da awarwaron da Kaka ta ba ki. Na so in rataye hoton a bangon shago, amma na tuna irin mazan da ke zama a bencina, 'yan kabu-kabu da masu jiran hoton takarda. Raina ya ƙi su kalli hannun matar da zan aura. Sai na shiga goge shi a hankali, ina sa reshen magarya a ƙarƙashin ƙafar tsuntsuwar. Kishi ne, Haula, da kiyaye mutuncinki. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago!

Ina cikin haka Haruna, ɗan Baba Talle, ya shigo ɗaukar hoton takardun tafiya cin rani. Ya tsaya a bayana, ya gane awarwaron, ya ga hannun ƙanwarsa yana ɓacewa yatsa bayan yatsa a fuskar kwamfuta. Bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi hotonsa ya hau motar Barmu. Abin da ya faɗa a zauren gidanku ya dawo kunnena: "Wanda ka iya hidda hannun mace cikin hoto, shina iya hidda mata zane." Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta zagayo, an ce ana ganina ɓoye a bayan zana ina leƙen matan gida in za su rijiya, an ce tsuntsaye hujja ce kawai, wa ya taɓa jin namiji mai hankali ya baro Tawa don hoton kurciya? Yanzu har a nan Tawa matan unguwa sun daina aiko 'ya'yansu shagona. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, in dai ke kina nan.

Na zo na durƙusa gaban Baba, na ce a buɗe kyamarar a duba. Ya ce shi bai san kan wannan abin ba, kuma wanda ya iya goge hannu ya iya goge laifinsa kafin ya zo. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wa yab ba ka izinin kafa zana bayan gidana?" Haula, na yi shiru. Na ji ƙarar awarwaronki a bayan ƙyaure, na san kina ji. Na jira ki yi ko da tari ne. Ba ki yi ba, na tashi na fita daga zauren nan.

Na san kunya ce. Na san nauyin a ce yarinya ta ɗaura wa saurayi zana a bayan gida ta zauna hira da shi ba da sanin manya ba. Amma akwai wani tunani da ke cin zuciyata kamar gara a jikin azara: ko ke ma kin yarda da su? Ko kin zauna kin ce, wa ya san abin da yake yi da hotuna in ya koma Tawa? In haka ne, ki gaya mini, ya fi mini wannan shirun! Na rantse da wanda ya halicci tsuntsun nan ya ciyar da shi, ban taɓa juya kyamara wajen ƙofar gidanku ba. Ban da wannan hannun, babu ko inuwarki a cikin abin da na ɗauka.

Ban ce ki tsaya gaban Baba ba, farin watana. Ki shiga ɗakin Kaka. Ita da take tsokanata tana kirana mijinta na birni, tsakaninki da ita babu kunya. An ce da aka kai mata maganar, cewa ta yi, "Ni ban gani ba, ba ni shaida." Gaskiyarta, ba ta fita. Ki zama idonta, ki gaya mata wanda ya jawo zanar da wanda ya huda ta. Ita ta haifi Baba Talle, in ta kira shi ta yi magana ba zai tsallake ba. Ina roƙonki don Allah, don darajar iyayenki, ki yi kafin Juma'a!

Ranar zan zo tare da magabatana, in zauna a inda aka zaunar da ni. Idan Baba ya maimaita tambayarsa, ki sani shiru zan sake yi. Ba zan sayi aurenki da tona miki asiri ba, ko da a gabana za a ɗaure kayan a miƙo. Maganar nan a bakinki kaɗai take, Haula.

Naki jiya, naki yau, naki ko an mayar da kaya, har ranar da za a rufe ni da ƙasar Adar,

Yunusu mai hoto,
Tawa.